Rifilektan BGP yana ɓoye mana hanyar kusa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rautocinmu (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwa) sun kai 40, haɗa kowace da kowace ta iBGP (tsarin BGP da rautocin cibiya ɗaya ke sanar da juna hanyoyi da shi) zai ci haɗi 780, shi ya sa muka kafa rifilekta biyu a Legas, wato rautocin da ke karɓar hanyoyi su rarraba wa sauran. Nauyi ya ragu, amma rifilekta hanya ɗaya tak yake miƙa wa na ƙarƙashinsa, wadda ta fi kusa da shi bisa awon IGP (tsarin da ke auna nisan hanyoyi a cikin cibiyarmu). Sai ga bayanan Kano suna zagayawa har Legas, alhali muna da mafita a Abuja!

Na so kunna Add-Path (damar miƙa hanya fiye da ɗaya zuwa wuri guda), sai dai tsofaffin rautocin Kano ba su da ƙwaƙwalwar ɗaukar ƙarin hanyoyi. In ajiye wani rifilekta a Kano, ko ORR (dabarar da rifilekta ke zaɓa wa na ƙarƙashinsa hanyar da ta fi kusa da su) na takardar ƙa'ida RFC 9107 ya wadatar? Wanda ya gwada, don Allah ya taimaka.