Neman shawara: ɗana yana son ya kai NFL, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka, ni kuwa gabana faɗuwa yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni uwa ce, muna zaune a Houston. Ɗana na fari shekararsa 17, Allah ya yi masa girman jiki, nauyinsa kilo 128. Yana buga ƙwallon Amurka a sakandare, cikin mutum biyar ɗin nan da ke jeruwa a gaba suna tare abokan karawa kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Shi ne na ƙarshen layi ta hagu. Yanzu jami'o'i biyu sun ce za su ɗauki nauyin karatunsa in zai buga musu, kocinsa kuma ya ce sai ya ƙara ƙiba. Duk daren Juma'a in ya dawo daga wasa, ni ke warware masa filastar da ya naɗe yatsunsa da ita, su kuwa sun kumbura suntum, in ɗora masa ƙanƙara a gwiwa. Babansa ya ce a ƙyale shi, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya san harkar ya ba ni shawara.

Baban Yara, Columbus: Wa alaikumus salam Hajiya. Gurbin da yaronki yake tsayawa shi ne mafi tsada a layin, domin shi ke tsare bayan mai jefa ƙwallo, ta inda ba ya ganin mai zuwa. Russell Okung, ɗan asalin Najeriya da ya tashi a yankinku na Houston, a nan ya buga. Ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi na shida a zaɓen sabbin 'yan wasan NFL na 2010, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato babban kofin gasar, da ita. Sai dai ƙofar ƙarama ce. Ƙungiyoyi 32 ne kacal a NFL, zaɓen shekara kusan mutum 260 ne kawai, kuma cikin 'yan wasan jami'a waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Wanda ya shiga ma, galibi shekara uku da 'yan kai ne a sallame shi. Karatun kyauta shi ne abin da ke hannu. Ku karɓa, ku zaɓi jami'ar da digirinta ya fi amfani.

Anti Nas, Maryland: 'Yar uwa, tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki kin cika damuwa. 'Yan layin gaba ba kasafai ake ganin an yi musu mugun bugu a talabijin ba, amma duk lokacin da aka saki ƙwallo sai sun yi karo da kai, a wasa da wajen atisaye, shekara da shekaru. Mike Webster ya ci kofi huɗu da Pittsburgh yana tsakiyar layi, ya ƙare yana kwana a mota saboda ruɗewar tunani, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke jawowa, ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu. Sannan maganar ƙara ƙiba ita ta fi tsaya min a rai. Nauyin nan shi ke jawo hawan jini, ciwon suga da sarƙewar numfashi cikin barci. Joe Thomas, ɗan layin gaba na ƙungiyar Cleveland, da ya yi ritaya sai da ya zubar da fiye da kilo 20, don dama cin dole yake yi. Ki kai yaron a auna jininsa da sugansa, ki saurari minsharinsa da dare. In ya taɓa dawowa da ciwon kai, jiri ko amai, kada ya koma fili sai likita ya yarda, ko koci zai yi fushi. Ni da ɗana ne, da wuya in sa hannu.

Malam, Bronx: Anti Nas ta faɗi gaskiya, amma hani da ƙarfi ga saurayi mai shekara 17 ba ya haifar da ɗa mai ido. Ki ba shi labarin John Urschel, ɗan layin gaba na ƙungiyar Baltimore, wanda ya ajiye wasan a 2017 yana da shekara 26 ya ƙarasa digirin digirgir a lissafi a jami'ar MIT. Batun addini kuma, Ryan Harris Musulmi ne, a layin nan ya ci kofi da Denver. Ku tambayi kocin tun yanzu yadda za a yi da azumi da abincin halal.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansa duka, mun yi alƙawarin ganin likita kafin mu ziyarci jami'o'in. Baban Yara, in ya ji rauni ya kasa bugawa, za su janye kuɗin karatun?

Baban Yara, Columbus: Ya danganta da abin da ke cikin takardar, Hajiya. Wasu na shekara ɗaya ne ana sabuntawa, wasu na duk tsawon karatu. Ku ce a rubuta muku ƙarara cewa rauni ba zai taɓa tallafin ba, da kuma wanda zai biya kuɗin tiyata, kafin kowa ya sa hannu.