Abin da Aka Tattauna Kan Wariyar Shekaru a Wurin Aiki

Jama'a, ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda wariyar ba ta bar kowa ba. Matashi a ce masa sai ya kawo gogewar shekara biyar, dattijo kuma a ɗauka kwamfuta ta fi ƙarfinsa tun ba a gwada shi ba.
2. Shawarar da ta fi rinjaye: a cire ranar haihuwa daga takardar neman aiki, a gwada mutum da aikin.
3. An ambaci dokar Amurka ta 1967 da ta hana wariyar shekaru a wurin aiki, sai dai 'yan shekara 40 zuwa sama kaɗai take karewa.
4. An rabu kan ritayar dole. Wasu na ganin tana buɗe wa matasa gurbi, wasu suka ce korar mai sauran ƙarfi ce kawai. Ni dai hujjar na biyun ta fi kwanta mini.