Ƙamshin man kaɗanyata ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Maman 'yan biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min don Allah. Ina haɗa man kaɗanya da man kwakwa, tun ina yi wa 'yan gidanmu da ƙawayen ƙanwata kyauta har aka fara sara a hannuna. Lavender nake sawa da ɗan man ɓawon lemu. Haɗin farko kowa ya yaba, na bayan sallah kuwa wata ta dawo min da roba biyu, wai warin kafur yake. Kuma wurin mutum ɗaya nake sayen turaren a Sabon Gari, ɗigon ma ban canza ba. Ga odar biki a gabana.

Hajiya mai humra: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lavender daga fure ake tatsarsa, na Faransa daban, na Bulgeriya daban, ko gona ɗaya ce girbin bana ba ya zuwa daidai da na bara. Warin kafur kuwa lavandin aka ba ki, ɗan uwansa mai araha. Ki nemi wanda aka rubuta 40/42 a kwalbar, shi dama gauraya shi ake yi a daidaita don ƙamshin ya riƙa zuwa iri ɗaya. Sannan ki bar ƙirga ɗigo, girmansa ya danganta da bakin kwalba da kaurin man. Ki sayi ƙaramin sikeli mai auna har giram 0.01. A kilo ɗaya na man shafawa ki sa giram 10 na turaren, kar ki taɓa wuce 20: lavender 6, lemu 3, sandal 1 don ya riƙe su. Ki haɗa a kwalba mai duhu, ya yi sati kafin ki zuba, ki rubuta awon a littafi.

Malam mai sabulu: Hajiya kin manta da kaɗanyar kanta. Ɗanyen man yana da nasa warin hayaƙi, kowace mai soyawa da hannunta. Kuma in an zuba turaren alhali man na da zafi, lemun ne ke fara gudu. A jira ya huce har ya fara kauri. Man lemu ba ya jimirin zafin Kano, a firij ake ajiye shi, in ya tsufa ɗaci-ɗaci yake yi kuma yana sa ƙaiƙayi.

Anti: Ni dai ki koma madarar turare ki huta, ita a masana'anta ake haɗa ta, ba ruwanta da girbi. 'Yan kasuwar nan sai a hankali, su sirka da wani mai su rantse maka tsantsa ne. Ki ɗiga a farar takarda, in ya kwana ya bar maiƙo an sirka.

Hajiya mai humra: Takarda ba za ta nuna mata lavandin ba, shi ma bushewa yake tas. Kuma ba kowace madara aka yi don fata ba.

Maman 'yan biyu: Na gode, amma mai shagon nan mutumin kirki ne, ba zai cuce ni ba. Tsiyayo min yake daga babbar kwalba, ban taɓa duba rubutun ba. Ɗigon kuma ai da shi na yi haɗin da aka yaba. Madara ba zan sa ba, na riga na gaya wa mutane nawa na itatuwa ne.

Hajiya mai humra: To ki karanta kwalbar tukuna.

Maman 'yan biyu: Wanda na riga na haɗa fa, in na ƙara lemu zai danne kafur ɗin?