Layin saƙonni yana cunkushewa a sabar wasa, ta yaya zan faɗaɗa shi?

Ɗan_Bukuru:
Salamu alaikum. Ina gina sabar wasan tsere da C++, 'yan wasan yawanci a nan Jos suke, da datar waya suke shiga. Sabar tana zagaye 20 a sakan, wato sau 20 take sabunta yanayin wasan, kowace waya tana turo saƙo 30 a sakan ta TCP (hanyar aika saƙo da ke tabbatar da komai ya isa bi da bi), kuma duka suna faɗawa cikin layi guda ɗaya (std::queue) da mutex ke tsarewa, wato makullin da ke hana ɓangarori biyu na manhajar taɓa layin lokaci guda. Da sabis ɗin mutum ɗaya ya ɗauke ya dawo, sai wasan kowa ya yi tsaye cak. In ƙara girman layin ne, ko tsarin ne zan canza?

Malam_Terminus:
Wa alaikumus salam. Ba girma ne matsalar ba, ɗan'uwa, layinka ma ai ba shi da iyaka. Yi lissafi: sabis ya ɗauke sakan 3, TCP bai zubar da komai ba, yana dawowa sai ya juye maka saƙo 90 lokaci guda. Zagayenka milisakan 50 ne kacal. Idan kana kwashe layin ƙarƙaf a kowane zagaye, mutum ɗaya ya cinye lokacin kowa.

Raba layin. Kowane ɗan wasa a ba shi nasa, mai siffar zobe: jeri mai gurbi 64 da aka ware tun farko, da lambobi biyu, ta rubutu da ta karatu. A sa girman ya zama 32, 64 ko 128, domin a samo gurbi da `i & 63` (in girman 64 ne) maimakon rabawa. In saƙo bayit 32 ne, zobe ɗaya kilobayit 2 ke nan, mutum 500 kusan megabayit 1. Sannan a kowane zagaye ka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kada ka ɗauki fiye da saƙo 3 daga kowa, tunda abin da ke shigowa bai wuce ɗaya da rabi a zagaye ba. Zoben ya cika, ka taka mafi tsufa.

Hajiya_Rayfield:
Malam, na yarda da zoben, amma ban da maganar taka mafi tsufa. In zare ɗaya (thread, ɓangaren manhaja mai gudana da kansa) ke rubutu, wani ke karatu, kuma an cire mutex, mai rubutu ba shi da hurumin taɓa lambar karatu. Ya taɓa, wata rana za a karanta saƙon da rabinsa tsoho ne rabinsa sabo, kuma irin wannan ɓarnar ba ta fitowa a gwaji. Mai karatu ne zai yi tsallake: ya ga saura sun haura 8, ya matsar da lambarsa zuwa na ƙarshe-ƙarshen. Mai rubutu kuwa in ya tarar babu gurbi, ya yar da sabon.

Lambobin biyu su zama std::atomic, wato lambar da zare biyu za su iya taɓawa ba tare da mutex ba, a ajiye da release, a ɗauko da acquire, don mai karatu ya ga saƙon a kammale. A kuma sa musu alignas(64), don in suka zauna a layin kash ɗaya (yanki na ma'ajiyar gaggawa ta inji) mai bayit 64, kwakwalwan injin biyu za su yi ta ƙwace shi a tsakaninsu.

Kuma ba kowane saƙo ake yarwa ba. Juya sitiyari in ya tsufa ba shi da amfani. Amma sayen mota ko ficewa daga tsere, waɗannan layinsu daban, in ya cika a yanke haɗin mutumin kawai.

Ɗan_Bukuru:
Na gode ƙwarai. To abubuwan da ke jiran lokaci fa, kamar mota ta dawo bayan sakan 5 da haɗari?

Injiniya_Tudun_Wada:
Waɗannan std::priority_queue ne, wato layin da ke fitar da abu bisa fifiko, a jera su da lambar zagayen da za su tashi, ba da agogon inji ba: sakan 5 zagaye 100 ke nan. Tarko biyu gare shi. Ba ya kiyaye wanda ya riga shiga idan lambobi sun zo ɗaya, don haka ka haɗa da lambar shiga mai hauhawa, in ba haka ba maimaicin wasa zai riƙa saɓawa. Kuma ba a zare abu daga tsakiyarsa. In mutum ya fita, sa wa nasa alamar sokewa, a watsar idan ya iso sama.

Saƙon sitiyarin nan ma ka mayar da shi UDP, hanyar da ba ta sake aiko saƙon da ya ɓata, da lambar jeri mai bit 16. Bayan 65535 tana komawa 0, saboda haka kada ka gwada da `a > b` don gane wace lamba ce sabuwa. Ɗebe `b` daga `a`, ka mayar da sakamakon int16_t (lamba mai bit 16 da ke iya yin ƙasa da 0), in ya fi 0 to `a` ne sabo.