Wai duk abin da aka saya a gwanjon gwamnati araha ne?

Alhaji Garba: Ni dai ina nan kan bakana, wanda ya saya a gwanjon gwamnati ba ya faɗuwa. Gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce. Tsofaffin motocin ofis, kayan da kwastan ta kama, gidajen da kotu ta ƙwace, duk neman kai take da su. A 2014 hukumar Marshals ta Amurka, mai aiwatar da umarnin kotunan tarayya, ta yi gwanjon bitcoin kusan 30,000 da aka ƙwace daga Silk Road, wata kasuwar haramtattun kaya ta intanet, wani mai zuba jari, Tim Draper, ya kwashe duka. Ku duba darajarsu yau.

Malama Hadiza: Alhaji, ai tashin farashi ne ya yi masa rana daga baya, ba gwanjon ba. Wannan hukumar dai ce a 2009 ta yi gwanjon kayan fitaccen ɗan damfarar nan Bernard Madoff, aka sayi rigarsa ta ƙungiyar wasan ƙwallon baseball ta Mets, mai sunansa a baya, dala 14,500. Riga fa! Ina arahar?

Bashir: Ranka ya daɗe, ni na taɓa sayen mota a gwanjo, na ji a jikina. Ranar duba kaya aka bar mu mu zagaya motar, mu leƙa ta gilashi, amma ba makulli, ba tayar da inji. Fenti lafiya lau, tayoyi sun sace, ƙasa ta cika da busasshen ganye. Na taya, aka sallama mini. Sai ga la'adar mai gwanjo a kan kuɗin, ga kuɗin janwe, ga wa'adin 'yan kwanaki na kwashe kaya ko a fara lissafa mini kuɗin ajiya. Da bakanike ya buɗe, giya ta mutu murus. Na koma, aka nuna mini layin da na sa wa hannu: an sayar yadda take, a inda take. Cinikin biri a sama na yi.

Alhaji Garba: To laifin wa? Kai ka je ba bakanike.

Bashir: Da shi na je, Alhaji. Me zai gani ta gilashi?

Dakta Sa'adatu: Akwai abin da ya fi lalacewar kaya, shi ne zafin tayi. A 1971 wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka yi bayanin abin da ake kira tsinuwar mai nasara. Idan mutum ashirin suna kintacen darajar abin da ba wanda ya san cikinsa, wanda ya fi kowa zuzuta shi ne zai ci. Wato sau da yawa cin gwanjon kansa alama ce ka zarce.

Barista Nura: Na gida kuma ya fi sarƙaƙiya. Za ka iya sayen gida da mutane a ciki, fitar da su sai ta kotu, da kuɗinka. Wani bashin yana bin gidan ne, ba mai shi ba. A wasu jihohin Amurka ma, gidan da aka sayar saboda bashin haraji, tsohon mai shi yana da wa'adin da zai biya ya fanshi abinsa. Kafin ka ajiye kafin alƙalami, a binciki takardun.

Alhaji Garba: Duk na ji. Amma ku gaya mini, me ya sa dillalan da suka shekara ashirin a harkar ba sa fashin gwanjo ko ɗaya? Sadaka suke zuwa yi?

Malama Hadiza: Su suna rubuta iyakarsu tun daga gida, da an wuce ta su naɗe hannu. Kuma mota goma suke saya, biyu su zama kayan gyara, takwas su rufe asarar. Bashir guda ɗaya ya saya.

Alhaji Garba: Ashe kin yarda akwai riba ke nan.

Malama Hadiza: Ga mai mota goma. Kai cewa ka yi kowa.

Bashir: Tawa tana nan a kan duwatsu, Alhaji. In kana so, taya.