Muhawara: Kofunan tsohuwar Pac-12, na wa ne yanzu?

Malam Habu:

Assalamu alaikum. Ra'ayin da nake son a tattauna shi ne, ƙungiyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka da ake kira Pac-12 ta mutu a 2024, kuma wadda aka tsara za ta ci gaba da wannan suna da sababbin mambobi daga 2026 ba ta da haƙƙin amsa kirarin "ƙungiyar zakaru" da tsohuwar ta daɗe tana amsawa. Jami'o'i 12 ne a cikinta, 10 suka fice. USC da UCLA, waɗanda ke birnin Los Angeles, su suka fara sanarwa ranar 30 ga Yunin 2022 cewa za su koma Big Ten, wata ƙungiyar wasannin jami'o'i irin Pac-12. Colorado ta bi baya a watan Yulin 2023, ta nufi ƙungiyar Big 12. Ranar 4 ga Agustan 2023 biyar suka tafi lokaci guda: Oregon da Washington zuwa Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah zuwa Big 12. A farkon Satumba Stanford da California suka sami mazauni a ACC, ƙungiyar jami'o'in gaɓar Tekun Atlantika, aka bar Oregon State da Washington State su kaɗai.

Kirarin ya samo asali ne daga kofunan NCAA, hukumar da ke shirya gasannin jami'o'i na ƙasa baki ɗaya. A 2017 Pac-12 ta zama ƙungiya ta farko da jami'o'inta suka tara kofuna 500. To amma su wa suka tara su? Stanford da UCLA da USC kowacce tana da fiye da 100, kuma babu wata jami'a a Amurka da ta kamo su. Oregon State tana da 4, uku a besbol a 2006 da 2007 da 2018, ɗaya a gudun dogon zango a 1961. Washington State tana da 2, na dambe a 1937 da na guje-guje da tsalle-tsalle na cikin zaure a 1977. Kofuna 6 ke nan cikin sama da 500. Ban ga hujjar da masu 6 za su riƙe kirarin da wasu suka gina da ɗaruruwa ba.

Hajiya Binta:

Wa alaikumus salam. Malam Habu, alƙalumanka daidai ne, amma ka fara labarin daga tsakiya. An kafa wannan ƙungiya a birnin Portland a watan Disamban 1915 da sunan Pacific Coast Conference, kuma jami'o'i 4 ne suka kafa ta: California, Washington, Oregon, da kwalejin aikin gona ta Oregon, wadda ita ce Oregon State ta yau. Washington State ta shigo a 1917, kafin Stanford da ta zo a 1918, kafin USC da ta zo a 1922, kafin UCLA da ba ta shigo ba sai 1928. Ke nan biyun da kake ganin ba su isa su riƙe sunan ba sun riga dukan manyan nan uku da ka ambata zama a cikinta.

Sannan wannan ba shi ne karon farko da aka watsar da su ba. A shekarun 1950 aka gano cewa wasu masu hannu da shuni magoya bayan Washington da UCLA da USC da California suna ba 'yan wasa kuɗi a ɓoye, abin da doka ta hana, rikicin ya yi ta ruruwa har ƙungiyar ta rushe a 1959. Waɗannan huɗun, tare da Stanford, suka kafa sabuwa mai suna AAWU, suka bar Oregon da Oregon State da Washington State da Idaho a waje. Washington State ta dawo a 1962, jami'o'in Oregon biyu suka dawo a 1964, Idaho kuwa ba a sake kiranta ba. Sunan Pac-8 bai bayyana ba sai 1968, ya zama Pac-10 a 1978 da shigowar jami'o'in Arizona biyu, ya zama Pac-12 a 2011 da shigowar Colorado da Utah. Duk da cewa ta 1959 sabuwar ƙungiya ce fil, tana lissafa tarihinta daga 1915, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Idan aka yarda wa waɗanda suka rusa ta su ɗauki tarihinta a wancan lokaci, don me za a hana waɗanda suka tsaya a cikinta yanzu?

Maganar ta je gaban alƙali ma. Jami'o'in biyu sun shigar da ƙara a gundumar Whitman ta jihar Washington a watan Satumban 2023, kotu ta yanke cewa su kaɗai ke da kujera a hukumar gudanarwa, tunda sauran sun riga sun sanar da tafiyarsu, daga baya aka sasanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Auwalu:

Hajiya, da izininki, ina ganin hukuncin kotu ya tsaya ne a kan dukiya da kujeru, bai taɓa kofuna ba. Kofin NCAA jami'a ake miƙa wa, a harabarta ake ajiye shi, kuma duk inda ta koma yana nan wurinta. Koci John Wooden ya ci wa UCLA kofin ƙwallon kwando na maza sau 10 tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere, daga 1967 zuwa 1973, da 'yan wasa irin su Lew Alcindor, wanda duniya ta fi sani da Kareem Abdul-Jabbar, da Bill Walton. Na farkon ma an ci su ne tun ƙungiyar tana amsa sunan AAWU. Wa zai ce Boise State, ɗaya daga cikin sababbin mambobin, tana da rabo a cikin wannan? Amma kuma, Malam, wa zai ce Big Ten tana da rabo?

Ni abin da ya fi damuna shi ne kirarin kansa. Mafi yawan kofunan an ci su ne a ninƙaya da tanis da ƙwallon raga da guje-guje da tseren kwale-kwale, wasannin da gidajen talabijin ba sa biyan kuɗi mai yawa a kansu. A wasanni biyun da ke kawo kuɗi ƙungiyar ta daɗe da ja baya. Rabonta da kofin ƙwallon kwando na maza tun wanda Arizona ta ci a 1997. A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, tun da aka fara gasar fitar da gwani ta jami'o'i huɗu a kakar 2014, sau uku kawai ta sami wakili a cikin shekara goma: Oregon a kakar 2014, Washington a 2016 da 2023, kuma ba ta ɗauki kofin ba ko sau ɗaya. Kirarin zakaru ya sa shugabanninta sun ɗauka darajarsu a kasuwar talabijin ta fi yadda take.

Malam Isiyaku:

Auwalu, ka taɓo dalilin rushewar, kuma ina goyon bayanka a nan. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1984 cewa NCAA ba ta da ikon riƙe cinikin nuna wasannin ƙwallon ƙafa a talabijin ita kaɗai, ƙungiyoyin yankuna suka koma masu sayar da haƙƙin nunawa, kowacce da ƙarfin kasuwarta. A 2011, ƙarƙashin shugabancin Larry Scott, Pac-12 ta ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da gidajen talabijin na ESPN da Fox a kan kusan dala biliyan 3, wadda a lokacin ba a taɓa yin irinta ba. Sai dai ta kafa nata tashoshin a 2012 ba tare da abokin tarayya ba, kamfanin DirecTV mai rarraba tashoshi ta tauraron ɗan adam kuma bai taɓa ɗaukar su ba, gidaje da yawa suka rasa hanyar kallo. Ga kuma bambancin lokaci na awa uku: wasan da aka fara da ƙarfe 7:30 na yamma a Kalifoniya ya zama na 10:30 na dare a New York, lokacin da masu kallo na gabas suka fara kwanciya. Da Big Ten ta sa hannu a kan yarjejeniyar kusan dala biliyan 7 ta shekara 7 da Fox da CBS da NBC a watan Agustan 2022, tazarar ta fito fili, tayin da George Kliavkoff, shugaban Pac-12 na lokacin, ya kawo daga kamfanin Apple a 2023 kuma bai gamsar da kowa ba.

Inda na rabu da kai shi ne cewar da ka yi kofi na jami'a ne ita kaɗai. Ɗan wasa da abokin karawarsa yake gogewa. Masu ninƙayar Stanford sun yi shekaru suna gwabzawa da na California da USC, maƙwabtansu, kuma daga cikin irin wannan gwagwarmaya aka sami Stanford ta riƙe kofin Directors' Cup, wanda ake ba jami'ar da ta fi nasara a dukan wasanni, shekara 25 a jere har zuwa 2019, ɗalibanta na da da na yanzu kuma suka kwaso lambobi 39 a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na mata a 2021 tsakanin Stanford da Arizona aka buga shi, Stanford ta ci 54 da 53, dukansu 'yan ƙungiya ɗaya. A cikin wannan gasa ce Nneka da Chiney Ogwumike, waɗanda iyayensu 'yan Najeriya ne, suka tashi a Stanford har aka zaɓi kowacce a matsayi na ɗaya zuwa WNBA, gasar ƙwararrun mata ta ƙwallon kwando a Amurka, a 2012 da 2014, kuma a cikinta Ike Diogu na Arizona State ya zama gwarzon shekara a 2005 kafin ya buga wa Najeriya. Wannan maƙwabtaka ce ta haifi kofunan, kuma ita ce aka wargaza. Yanzu ɗalibar UCLA mai buga ƙwallon raga sai ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000 kafin ta kara da Rutgers ta Big Ten a New Jersey, ga darasi yana jiran ta, ita kuma Stanford da ke kusa da Tekun Pasifik tana cikin ƙungiyar da aka raɗa wa sunan gaɓar Atlantika.

Malam Habu:

Malam Isiyaku, bayaninka ya ƙarfafa matsayina. Idan maƙwabtakar ce ta haifi kofunan, kuma ta watse, to sabuwar ƙungiyar ba ta gaje ta ba. A duba waɗanda aka gayyato: Boise State, Colorado State, Fresno State, San Diego State da Utah State, dukansu daga ƙungiyar Mountain West aka ɗebo su. Gonzaga, wadda ita ma aka gayyato, ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Texas State kuwa tana San Marcos a tsakiyar Texas, kuma an nemo ta ne a 2025 domin dokar NCAA tana buƙatar cikakkun mambobi 8 masu buga ƙwallon ƙafa a babban rukuni, wa'adin shekara biyu da aka ba Oregon State da Washington State su cike wannan adadi kuma yana gab da cika. Ina kuma jin ciwon cewa abin da aka yi wa Oregon State da Washington State, wanda dukanmu muka kira rashin adalci, shi suka juya suka yi wa Mountain West.

Hajiya Binta:

Wannan na ƙarshen ban musa ba, Malam, bai yi mini daɗi ba ni ma. Amma kada a ƙidaya darajar jami'a da kofin ƙungiya kawai. Dick Fosbury ɗalibin Oregon State ne lokacin da ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Mexico a 1968 da salon tsallen da kusan kowane mai tsallen sama ke yi a yau, kuma Henry Rono ɗan Kenya yana karatu a Washington State ya kafa tarihin duniya sau huɗu cikin kwana 81 a 1978. Sababbin ma ba hannu rabbana suka zo ba. Fresno State ta ci kofin besbol na ƙasa a 2008, Gonzaga ta kai wasan ƙarshe na ƙwallon kwando a 2017 da 2021, San Diego State ta kai a 2023, Boise State kuma ta doke Oklahoma 43 da 42 a babban wasan ƙwallon ƙafa na Fiesta Bowl a watan Janairun 2007. A ƙwallon kwando na maza, waɗannan sun buga wasan ƙarshe sau uku cikin shekara bakwai, alhali tsohuwar Pac-12 rabonta da shi tun UCLA a 2006. Batun nisa kuma, Big Ten mai mambobi 18 daga New Jersey zuwa Seattle ba ta canza suna ba, ba ta kuma ajiye tarihinta ba. Har yanzu ina jiran amsarka a kan 1959.

Auwalu:

Ni dai na raba maganar biyu. Kundin wanda ya ci gasar ƙungiya a kowace shekara tun 1916 na ƙungiyar ne, Teresa Gould da ke shugabantarta tun 2024 tana da ikon riƙe shi. Kirarin kuwa ya kamata a jingine shi har sababbin mambobi su ci nasu kofunan.

Malam Habu:

Hajiya, ga amsar 1959. Jami'o'i 9 ne a ƙungiyar lokacin da ta rushe, kuma kafin 1964 ta ƙare 8 daga cikinsu sun sake haɗuwa a inuwa ɗaya, suna buga wasannin da suka saba da abokan karawar da suka saba, zakaransu na ƙwallon ƙafa yana zuwa babban wasan Rose Bowl a Pasadena ya haɗu da na Big Ten kamar yadda ake yi tun 1947. Idaho kaɗai aka rasa. Shi ya sa ba wanda ya yi ƙorafi da suka ɗauki tarihin 1915, domin mutanen ne dai suka sake takarda. A wannan karon takardar ce ta tsaya, 10 cikin 12 suka tafi, kuma babu ko ɗaya daga cikin jami'o'i biyar da suka kafa AAWU a sabuwar. Shawarar Auwalu ta fi kusa da abin da zan karɓa, sai dai ni ko sunan ba zan so a riƙe ba. Idan wata rana wahalar tafiye-tafiye ta sa Stanford da California suka dawo yamma suka shiga cikinta, zan sake duba matsayina.