Zafin zuciya da sanyin hali a filin ƙwallo: abin da masu horarwa suka ce

A zaman da wasu masu horar da matasan 'yan ƙwallo suka yi, batun zafin zuciya ne ya fi cin lokaci. Aka tuna da Sani Kaita a gasar cin kofin duniya ta 2010: Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya, ya kai wa ɗan wasan Girka Torosidis shuri a gefen layi, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati a minti na 33, aka tashi 2-1, Girka ta cinye.

Yawancinsu sun ce kada a nemi kashe wa irin wannan yaro zuciya, don ita ce ke sa shi ƙwato ƙwallo. A riƙa tsokanarsa da gangan a atisaye, a ja masa riga, a busa masa ƙeta ba laifinsa, har ya saba da haɗiye fushi. Wani ya ƙara da cewa a ba shi kyaftin. Ni dai ina ganin wannan caca ce.

Yaro mai kunya kuwa, kada a yi masa tsawa gaban abokansa. A ja shi gefe bayan an tashi.

Kan wanda ya kamata a ba bugun fenareti an ɗan ja. Masu cewa a duba wanda ke saurin mance kuskure sun kawo Asamoah Gyan, wanda ya ɓarar da fenareti a kan Uruguay a 2010, amma shi ya fara bugawa Ghana a bugun raba gardama, kuma ya ci.